Ranar da Muka Ja Taru a Filin Ƙwallo

Ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama, ranar da Alhajin da nake yi wa girki ya taho da ni Landan. Daga baya Alhaji ya sayar da gidansa ya koma Kano, ni kuwa na zauna. Na sami aikin wanke taragun tube, jirgin nan nasu na ƙarƙashin ƙasa, hukumar unguwa da suke ce wa council ta ba mu ɗakuna a wani dogon bene a Thamesmead ni da mai ɗakina, can sama inda iska ke jijjiga taga kamar mai neman a buɗe mata. A wannan benen na san Kawu.

Kawu ba kawuna ba ne. Kawun wani ne, amma duk benen haka muke kiransa, har Turawan da ke ciki. Mutumin Gana ne, ɗan zango, yana yankan nama a wani shago a kasuwar Lewisham. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. In ya ƙwanƙwasa ƙofarmu sai ya ce, "Bakano, matarmu ya dawo?"

Ita kuma ta amsa daga ciki, "Ya dawo, Kawu, har ya ɗora tukunya."

Ran Lahadi a wajenmu yake wuni, kuma hira ɗaya gare shi, ta garinsu na bakin teku. Na ji labarin garin nan har na fi sanin lungunansa da na unguwarmu. Na san tsohon ginin Turawa mai igwa a kan dutse, wanda wannan ƙabila ta Turawa ta gina, waccan ta ƙwace, wata ta saya, kowa kuma ya tsare bayi a ƙarƙashinsa kafin a zuba su a jirgi. Na san yadda kakannin Kawu suka iso, wasu da kakin soja, wasu da jakunan fatauci suna neman goro, sarkin masunta ya nuna musu fili bayan tafki ya ce su zauna, wurin ya zama zango. A zamanin uban Kawu manyan jirage a nesa suke tsayawa, sai ƙarti su tuƙa buhunan koko cikin kwalekwale su kai musu, gari na ta hada-hada. Da aka gina babbar tashar jirage a wani gari, sai garinsu ya kwanta barci. Tun daga nan ba mai ziyartarsu sai tekun kansa, wanda ke cin gaɓa kaɗan-kaɗan, har ya haɗiye layin da aka haifi Kawu.

"Gidanmu yana nan," in ji shi. "Kifi ne ke haya a ciki."

Abu biyu a labarin garin nan ba ya gajiya da maimaita su. Na farko, ran Talata ba a shiga teku, hutunsa yake yi. Ranar ce kaɗai rairayin gaɓa ke zama fili, ba taru ba kwando, sai samari su kafa sanduna su buga ƙwallo har rana ta faɗi. Na biyu, jan taru. Kwalekwale ya zagaya da taru cikin ruwa, ya kawo bakin igiya gaɓa, sai duk wanda ke kusa ya kama, masunci da ɗan zango da baƙon da ke wucewa. Mai ba da waƙa ya ce, "Wa ke riƙe da igiya?" jama'a su jingina baya gaba ɗaya su amsa, "Mu ne! Taho!" Kuma duk wanda hannunsa ya taɓa igiyar, ko jela ɗaya ce, yana da rabonsa na kifi. Ba a tambayar daga ina ya fito.

A kan rairayin nan ɗanmu ya koyi ƙwallo. Ɗan ƙanen Kawu ne, uwarsa 'yar masunta, amma duk benen ɗanmu muke ce masa. Talata ya yi ƙwallo, sauran kwanaki ya ja taru, shi ya sa sharaɓarsa ta zama kamar taɓarya. Ya buga wa ƙungiyar garinsu, babbar ƙungiya ta birni ta ɗauke shi, daga nan wani Bature ya gan shi ya kawo shi wani kulob a Landan. Ba babban kulob ba ne, yana can ƙasa-ƙasa, amma albashi ake biyansa don ya buga ƙwallo, abin da Kawu ya daɗe bai gaskata ba. Dogo ne, mai kunya, in ya zo gaishe mu har ƙasa yake durƙusawa. Baba yake ce mini.

Sharaɗi ɗaya ya kafa mana: kada mu je kallonsa. "Baba, abin da ake faɗa wa baƙar fata a filin nan, ba na so kunnen Kawu ya ji. Har ayaba suke jefowa."

"Ayaba?" in ji Kawu. "Da tsadan nan nasa?"

Muka yi dariya, amma muka bi maganarsa. Sai muka riƙa binsa ta talabijin ɗina, wadda baƙi da fari kawai take nunawa, in an yi sa'a an hasko kulob ɗinsu na ɗan ƙiftawar ido. Sai kuma jarida. A lokacin na shiga ajin yaƙi da jahilci na manya da council ke yi a Lewisham da yamma, ina da furfura a gemu ina koyon baƙaƙen boko. Malamarmu ta ce kowa ya kawo abin da ransa ke son karantawa. Wasu suka kawo takardun asibiti, ni na kawo shafin baya na jarida. Da yatsa nake bin layi, a hankali, har in tarar da sunan ɗanmu. Shi ne doguwar kalma ta farko da na karanta ba wanda ya taimake ni. In na gan shi sai in yanke wurin in kai wa Kawu shago, ya manna a bango kusa da ma'auni, yana nuna wa duk mai sayen ƙashi.

A kakar wasansa ta farko ya ci ƙwallaye har Kawu ya rasa wurin mannawa. A ta biyu aka taka masa gwiwa. Aka yi masa aiki, ya daɗe yana dogara sanda, sunansa ya ɓace daga jarida. Ni kuwa ban daina dubawa ba, sai karatuna ya ƙaru a kan sunayen waɗansu.

Wata Lahadi, bazara ta fara shigowa, ya zo gidanmu. Mai ɗakina ta yi tuwo da miyar kuka, ya ci loma biyu ya tsame hannu. Ya ce kwantiraginsa na ƙarewa da ƙarshen kakar wasa, takardar zamansa a ƙasar kuma da aikin take tafiya. Saura wasa ɗaya, ran Asabar, a gida. Koci ya ce zai zaunar da shi a benci, wataƙila ya sa shi daga baya.

"In ban nuna komai ba ranar, sai gida," in ji shi. "Gwiwar ta warke, Baba. Zuciyar ce ke tsoro. Da na ga mutum ya nufo ni sai in janye ƙafa."

Da ya tafi, Kawu ya daɗe yana kallon taga. Can ya buga cinyarsa.

"Taru ba ya jan kansa! Yaro yana cikin ruwa shi kaɗai, mu muna nan muna shan shayi. Asabar za mu je."

"Ya hana mu fa, Kawu."

"Wa ke neman izinin kifi kafin ya kama igiya?"

Kafin Laraba maganar ta zagaya benen. Masu gadi, masu shara, direban tasi ɗaya, matan aure, duk wanda ya taɓa cin naman Kawu ya ce da shi za a je. Ba ko ɗaya cikinmu da ya taɓa taka filin ƙwallo a Ingila. Muka yanke a bar yara a gida saboda tsoron rigima. Da mun tafi da ko ɗaya daga cikinsu, da tun a tashar bas ya gaya mana abin da muke shirin yi wa kanmu.

Kawu ya ce ba a zuwa taro irin wannan kowa da nasa kaya, sai an yi anko. Ya shigo da bandir na atamfa daga kasuwa, ja da rawaya, mai ɗaukar ido kamar gobara. Launin kwalekwalen kakan ɗanmu ke nan na wajen uwa, wanda duk garin ke ganewa tun daga nesa. Mai ɗakina ta juya yadin ta ce, "Kawu, ka tabbata? Ba a tambayi irin kayan da su yaron ke sawa ba?"

"Na ga kayansu a talabijin ɗin mijinki. Toka-toka ne."

"Kowa toka-toka ne a talabijin ɗin nan, har Sarauniya."

"To, shi ke nan. Kalan jirgin kakansa ba ya buƙatar shawara. Ɗinka, matarmu."

Ta ɗinka. Keken ɗinkinta bai huta ba sai safiyar Asabar. Maza riguna da huluna, mata ɗankwali da zane a kan rigunan sanyi. Ta soya kifi cike da roba, Kawu ya kawo yajinsu na Gana, baƙi, mai mai, wanda ke sa mutum tuna zunubansa. Ya kuma kwance igiyar shanyarmu ya naɗe a kafaɗa.

Tun a bas mutane ke kallonmu, mu kuwa muna ta gyara hula. Da muka fito daga tube kusa da filin, sai ga abin mamaki. Titi cike da Turawa, kowa da ƙyallen ulu a wuya, ja da rawaya. Wasu hula ja da rawaya. Wani ƙato har fuskarsa ya shafa.

Kawu ya tsaya cak, ya kama hannuna. "Bakano, ka gani? Ka ga yaron nan? Ya gaya musu kalan jirgin kakansa, duk gari ya yi anko! Kuma don kunya bai taɓa faɗa mana ba."

Hawaye ya cika masa ido. Ni ma sai da na share nawa. Wani ɗan sanda ya dube mu, ya dubi kayanmu, ya nuna mana mu shiga cikin jama'ar. Suka sa mu a tsakiya, 'yan sanda gaba da baya, aka tare motoci don mu wuce. Mai ɗakina ta ce ko ranar aurenta ba a yi mata rakiya irin wannan ba. Can tsallaken titi wasu masu kore da fari suna ta nuno mu suna ihu, Kawu ya ɗaga musu hannu ya ce, "Baƙi ne, a yi musu haƙuri."

A bakin ƙofa akwai allo da rubutu manya-manya. Na tsaya in karanta, don a lokacin ba na wuce rubutu ban gaishe shi ba. Na haɗa baƙi na farko da na biyu, ina neman na uku, taro ya turo ni ta ƙofar ƙarfe mai juyawa. Mai gadin ƙofa ya karɓe igiyar shanya daga kafaɗar Kawu, ya leƙa robar kifi, ya shaƙi yajin, ya yi atishawa, ya ce mu wuce.

Wurin tsayuwa ne, matakala-matakala a bayan raga, ba kujera. Kusa da mu wani tsoho ne jajir, gajere, hannuwansa duk saɓa da tabo. Kawu ya dubi hannun ya ce mini, "Wannan masunci ne, ko a lahira na gan shi." Ya miƙa masa kifi. Tsohon ya gutsura, ya faɗi sunan kifin da Turanci tun bai haɗiye ba, sannan yajin ya iske shi. Ya yi ja har ya fi ƙyallen wuyansa, ya kama kafaɗata, hawaye na zuba, ya miƙo hannu a ƙara masa. Da ɗan Turancinmu muka fahimci shekarunsa duka a jirgin kamun kifi ya yi su, kuma yau tun asuba suka taso. Na yi mamakin mai zama a Landan da zai taso tun asuba, amma na ce wataƙila bas ɗin unguwarsu irin namu ne.

'Yan wasa suka fito, rabi ja da rawaya, rabi kore da fari. Ɓangarenmu ya ɗauki ihu, muka taya. Ba mu ga ɗanmu ba, amma mun san yana benci, bencin kuma yana can nesa cikin wata rumfa.

Da aka fara, Kawu ya gyara murya. "Wa ke riƙe da igiya?"

Muka jingina baya, hannu a dunƙule kan igiyar da babu, muka amsa, "Mu ne! Taho!"

Turawan kusa suka juyo. Kawu ya sake, muka sake. Tsohon masunci ya dubi yadda muke kafa ƙafa muna jingina, sai idonsa ya yi haske. Ya san wannan tsayuwar. Ya cire ƙyallen wuyansa, ya fizge na maƙwabcinsa ya ƙulla, na gaba ya miƙo nasa. Kafin a jima igiya ta ulu ta miƙe daga wannan gefe zuwa wancan, ja da rawaya, ɗaruruwan hannuwa a kai. "Mu ne" ya gagare su, amma "Taho" ta zauna a bakinsu daram. Kawu ya ba da waƙa, matakala gaba ɗaya ta jingina baya: "Taho!" Har ƙarfen rufin yana amsawa.

Ana cikin haka ja da rawaya suka zura ƙwallo a ragar da ke gabanmu. Wayyo, ranar na ga hauka. Wani ƙato ya ɗaga ni sama kamar buhun auduga. Mai ɗakina ta rangaɗa guɗa, matan benenmu suka karɓa, Turawa suka tsaya suna kallo baki buɗe, sannan suka nemi a sake. Kawu kuwa a kafaɗun samari biyu na hango shi, hularsa ta tafi, yana ihu, "Tun yaro bai shigo ba! Ina ga ya shigo!"

Aka tafi hutun rabin lokaci. Muna rabon sauran kifi, 'yan benci suka fito motsa jiki. Mai ɗakina ta taɓa ni.

"Malam." Tun da na shiga aji take kirana haka. "Wancan dogon ba ɗanmu ba ne?"

Shi ne. Yana guje-guje a tsakiyar fili, ya tsaya, ya cire rigar sanyi. Ta ciki kore ce da fari.

Na dubi kayan jikina. Na dubi na tsoho. Na tuna allon bakin ƙofa, sai sauran baƙaƙen suka zo mini da kansu, a makare: ƙofar baƙi ce. Mutanen nan daga wani garin masunta na arewacin Ingila suka zo, kuma rabin wasa muka yi muna ja wa abokan hamayyar ɗanmu taru, har da guɗa.

"Kawu," na ce a hankali. "Dubi can."

Ya duba. Kifin da ke hannunsa ya faɗi. "Me ya sa ya sa kayan baƙi?"

"Mu ne baƙin, Kawu."

"Inna lillahi."

"Na ce a tambaya," in ji mai ɗakina. "Kore da fari! Da tutar ƙasarmu muka yafa da mun huta da ɗinki."

"Matarmu, ba yanzu ba."

Ba hanyar fita, 'yan sanda sun rufe ƙofa sai an tashi. Maganar ta bi layinmu da raɗa, kowa ya ja hularsa ƙasa. Direban tasi ya ce mu yi shiru kamar ba mu, in an tashi mu sulale. Amma aka dawo wasa, aka sauya raga, kore da fari suka fuskanto wadda ke gabanmu, sai tsoho ya daddaɓi bayan Kawu yana miƙa masa bakin igiyar ulu. Na baya ma suka fara kira a ba da waƙa.

Kawu ya dube ni. Sai na ga gefen bakinsa ya fara rawa, irin ta mai danne dariya a masallaci.

"Bakano, igiya ba ya tambaya hannun wa ke kai." Ya ɗaga murya. "Wa ke riƙe da igiya?"

"Taho!"

Wasa ya yi nisa kafin a ɗaga allon canji, ɗanmu ya shigo. Wasu samari a bayanmu suka fara kukan biri. Na saci kallon Kawu. Bai juya ba, sai dai ya ƙara murya, tsoho kuma ya waiwaya ya daka musu tsawa su kama igiya ko su rufe baki. Waƙar ta hau kansu ta danne.

Abin da ɗanmu ya faɗa gaskiya ne. Ƙwallo ta zo masa, mai tsaron baya ya nufo shi, ya janye ƙafa. Ta sake zuwa, ya yi saurin rabuwa da ita kamar garwashi. Daga ɓangaren masu kore muka fara jin gunaguni. Na ce a raina, shi ke nan, sai gida.

Sai aka ba su bugun kwana. Ɗanmu ya tako har gindin raga, kusa da mu ƙwarai, ina ganin tabon aikin a gwiwarsa. Kawu ya cika ƙirji ya ba da waƙar yadda ake ba da ita a gaɓar garinsu, da jan murya a ƙarshe. Matakala ta jingina baya. "Taho!"

Ɗanmu ya daskare. Ya ɗago kai a hankali. Me zai gani? Turawan arewa birjik sun kafa ƙafa suna jan igiya, da waƙar da ya tashi a cikinta, a tsakiyarsu ga kawunsa ba hula cikin launin kwalekwalen kakansa, ga ni, ga matan Thamesmead da robar kifi. Ya ɗora hannu biyu a ka. Ya buɗe baki. Sai dariya ta kama shi, har ya dafa gwiwa, mai tsaronsa na kallonsa kamar ya ga taɓaɓɓe.

Wannan kwanar ba ta haifi komai ba, gola ya cafke. Amma wanda ya koma tsakiyar fili ba shi ne wanda ya zo ba. Ƙwallo ta gaba da aka jefo, shi da ƙaton mai tsaron baya suka tafi kanta tare, ƙafa ta haɗu da ƙafa, muka ji ƙarar har inda muke. Ƙaton ne ya faɗi. Ɗanmu ya dubi gwiwarsa, ya buga ta a ƙasa, ya ruga. Daga nan ya zame musu ƙarfen ƙafa. Ya bi ta dama, ya ɓullo ta hagu, ya buga wata ta daki turke har ragar ta girgiza. Turawanmu suna zaginsa suna kuma jan igiya, ba su san wa suke ja wa ba.

Ana gab da tashi aka ɗago wata ƙwallo daga gefe. Na ga ya taso daga baya, ya taka da ƙafar nan mai tabo, ya tashi sama har ya wuce kafaɗar kowa. Ya sa mata kai. Raga ta kumbura a gaban hancina.

Ɓangarenmu ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Cikin wannan shirun sai guɗar mai ɗakina ta tsaga sama. Duk shawarar direban tasi ta bi iska, shi ne ma ya fara tsalle. Na rungume Kawu, Kawu ya rungume tsoho, tsoho ya tsaya ƙiƙam kamar turmi. Ɗanmu ya rugo har bakin shinge, ya kafa ƙafa, ya jingina baya, ya ja igiya sau ɗaya da hannu biyu, sannan abokansa suka rufe shi.

Da hankalinmu ya dawo, sai muka ga idanu. Ko'ina idanu. Wani ya jefo ragowar burodi ya sami direban tasi a ƙeya. Tsoho ya saki igiyar, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya tambaya da Turanci, "Ku na wane ne?"

Kawu ya tura ni gaba. "Kai ne ɗan makaranta, yi bayani."

Na tattara Turancina kaf. Na ce wancan ɗanmu ne. Na ce jikan masunta ne, a bakin teku aka haife shi, da jan taru ya girma. Na kama rigata na ce wannan launin jirgin kakansa ne, ba mu san na kowa ba ne, talabijin ɗina ba ta nuna kala.

Tsoho ya dubi rigata. Ya ce, "Wato duk yammacin nan jirgin wani muke ja wa kifi?"

Na ce, "Rabi dai. Rabin farko naku muka ja."

Sai ya fashe. Ya yi dariya har ya zauna a kan matakala, yana maimaita wa na bayansa, su ma suna miƙawa gaba. Ba kowa ya yi dariya ba, akwai masu zagi har aka tashi wasa kunnen doki. Amma tsoho da abokansa suka sa mu a tsakiya har bakin tube, ya kuma tafi da sauran yajin a aljihu.

Washegari na sami sunan ɗanmu a jarida ba tare da yatsa ba. Muka yi ta murna, muka ɗauka magana ta ƙare. Ran Alhamis ya zo da fuska a murtuke. Koci ya yaba masa, ya ce amma kulob ba zai sake dogara da gwiwar da aka taɓa yankawa ba. Mai ɗakina ta ninke ankon ta tura ƙasan akwati.

Bai kai ga haɗa kaya ba aka yi masa waya daga arewa. Kocin masu ja da rawaya ne. Ya ce mutumin da ya yi wa 'yan bayansa wannan wulaƙanci gara a ce nasa ne, kuma tun da suka koma gida magoya bayansu ba su bar shi ya huta ba da zancen jikan masunta. Ɗanmu ya sa hannu, aka sabunta masa takarda. A garin nan ya yi sauran ƙwallonsa, shekaru masu auki, har gwiwar ta ce ta gaji, ya koma koyar da matasansu. Da albashin can ya gina wa uwarsa gida a kan tudu, inda teku sai dai ya hango ta. Mun sha zuwa kallonsa da ankonmu, ba mai nuna mana ƙofar da ba tamu ba. Har ya yi ritaya, in ya taɓa ƙwallo filin nan "Taho" yake amsawa.

Amma abin da na fi tunawa shi ne Lahadin farko bayan ya koma can. Aka ƙwanƙwasa, na buɗe, ga shi da wani farin akwati a kafaɗa, ruwa na ɗiga. Tun daga arewa ya riƙo shi a jirgin ƙasa, ya ce taragon duka shi kaɗai aka bar wa. Kifi ne fal cikin ƙanƙara, daga jirgin ɗan tsohon nan. Ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya bi benen ƙofa-ƙofa, duk wanda ya je filin ranar ya ajiye masa nasa. Tsoho da mutanensa, in ji shi, tun jiya ya kai musu rabonsu, buhun shinkafa da kwalbar yaji.

Kawu ya ɗaga nasa kifin ta jela, ya shinshina, ya taɓe baki. "Kifin ruwan sanyi. Ba ya da ɗanɗano ko kaɗan."

"To kawo shi nan," in ji mai ɗakina. "Ni biyu zan ɗauka, ɗaya na igiya, ɗaya na ɗinki."

Kawu ya ɓoye kifin a bayansa. "Matarmu ya cika haɗama. Bakano, ɗora mai."